Ɗakin Baƙo a Sabon Haddis

Ni ba na son jira, aikin kwamfuta kuwa rabinsa jira ne. Ka danna abu, ka naɗe hannu kana kallon wani ɗan layi yana cika kamar mai jin barci. Duk wanda ya san ni ya san ba aikin da ya dace da ni ba ne. Kawuna ne ya kai ni. Na gama sakandare, makarantar gaba ba ta samu ba, na zauna a gidanmu a unguwar Fezzan ta nan Yerwa ina faɗa da kowa, har da masu tallan da ke shigowa tsakar gida. Wata rana ya zo ya tarar ina cacar baki da mai wankin hula a ƙofar gida, ya shiga ya ce wa mahaifiyata, "Ba ni ita in kai ta inda za ta yi faɗa da inji. Shi ba ya ramawa."

Shagon kwamfutar nasa a unguwar Gomari yake, ba nisa da filin jirgi. Ɗaki ɗaya ne, da dalbejiya a gabansa, da kwamfuta ɗaya, da firinta, da injin fotokofi mai cin takarda in ya ga dama. Idan jirgi zai sauka, kwanon rufin har rawa yake yi. Kawu ba ya zama a ciki. Shi yana can kasuwa ta wajen Yerwa yana sayar da wayar lantarki da ƙwan fitila, sai jefi-jefi yake leƙowa. Wadda take riƙe da shagon wata mata ce da kowa yake ce wa Anti.

Mutuniyar kudancin Borno ce, Kirista, ta girme ni nesa ba kusa ba. Komai nata a hankali take yi. Tafiya a hankali, magana a hankali, ko ruwa za ta sha sai ta duba kofin tukuna. Yatsunta ne kawai suke gudu idan ta ɗora su a kan kibod. Ranar da na fara zuwa, ko zama ban yi ba na ce mata shagon yana warin fetur kuma kujerar nan ƙafarta ɗaya ta karye.

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To, 'yar Kano, sannu da zuwa."

Na ce, "A Fezzan aka haife ni."

Ta ce, "Na yarda. Bakin dai daga Kano aka kawo shi."

Daga ranar sunana ke nan a wurinta.

A kwanakin farko duk abin da na buga na koyo, a fuskar kwamfutar nake zubar da shi, har allon ya cika da tarkace. Ta yi haƙuri ta yi haƙuri, rannan ta ce in jawo kujera. Ta buɗe wani wuri da ban taɓa gani ba, inda ake nuna haddis, wato faifan nan na ƙarfe da ke cikin kwamfuta, inda komai yake kwana idan an kashe ta. An zana shi kamar dogon katako an yayyanka. Yankin farko an sa masa harafin C, na biyu D, sai wani yanki a ƙarshe mai baƙin layi a samansa, ba harafi, ba komai.

Ta ɗora yatsa a kan C ta ce nan ɗakin windo ne, abin da ke tuƙa kwamfutar. 'Yan makaranta suna zuwa da filash cike da bairos, cutar nan ta kwamfuta, sai kwamfuta ta haukace, sai a share C tas a sake zuba windo. Shi ya sa ba ta ajiye aikin mutane a can. D kuwa ɗakinta ne. Ko sau nawa aka share C, D yana nan lafiya lau.

Na ce, "Wannan baƙin fa? Lalacewa ya yi?"

Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ɗakin baƙo ne."

Wai a gidansu, in ji ta, idan mahaifiyarta ta kwashe tuwo, kafin ta ba kowa sai ta ware malmala ɗaya ta rufe ta ajiye. Ba wanda ya aiko cewa yana zuwa. Ana ajiyewa ne kawai. Ita ma da aka kawo kwamfutar sabuwa, da ta zo raba haddis ɗin, hannunta ya ƙi ya cinye shi duka.

Na ce, "Idan ba wanda ya zo fa?"

"Da safe a ɗumama."

"Wannan ai ba ya ɗumamuwa. Asarar wuri ce kawai."

Ta yi dariya. Ta danna kan baƙin yankin, ta bi wasu tambayoyi, ta zaɓi harafin E, ta ce a yi fomatin, wato a shirya wurin don ajiya. Layin ya cika, baƙin ya koma shuɗi. Ta tura min maus ɗin ta ce, "Ga ɗakinki. Ki zuba shararki a ciki yadda kike so, amma kar in gan ki a nawa."

A gidanmu ɗaki ɗaya muke kwana da 'yan uwana mata, akwati ɗaya, madubi ɗaya, ko ɗankwali ka ajiye sai ka gan shi a kan wata. Ban taɓa samun wani wuri da aka ce nawa ne ni kaɗai ba sai wannan, wanda ko hannu ba ya taɓawa.

Mun yi 'yan shekaru tare. Ranar Juma'a ta tsare shago in tafi da wuri, ranar Lahadi in buɗe ni kaɗai har ta taso daga coci. Da azumi ba ta cin komai a gabana. Takan ɗauki ɗan kwanonta ta zaga bayan shago wajen janareta, ta ci a cikin hayaƙi. Na ce mata ni ba jaririya ba ce, ta ci abinta a ciki. Ta ce, "Da cikinki a ƙoshe ma yaya aka ƙare da ke?" Idan na yi wa mai kawo aiki tsawa, ba ta yi min faɗa a gabansa. Sai ya tafi ta ce, "Wannan ma kin kore shi. Saura mutum nawa a Gomari?"

Ita ta koya min zuba windo. Yadda ake tayar da kwamfuta daga filash, yadda ake kaiwa wurin da za a tambaye ka ina za a zuba, da yadda a wannan wurin ɗakunan ba sa fitowa da haruffansu, sai lambobi da girma, har mutum ya share na wani yana zaton nasa ne. Dokarta ɗaya ce: a wannan allon ba a sauri. Takan sa in ɗauke hannuna daga maus, in karanta mata kowane layi da ƙarfi, sannan in danna. Na tsani wannan dokar. Na bi ta dai.

Rabin aikin da ke ɗakinta na D na mutanen cocinsu ne. Tsarin jana'iza, tsarin ɗaurin aure, waƙoƙi da yarensu na Bura, shafi bayan shafi, da ba na gane ko kalma ɗaya a ciki. Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ke kawo yawancin aikin. Baba muke ce masa. Idan ya zo su yi ta yare suna dariya, ni ina gefe ina ƙulewa, har sai Anti ta juyo ta ce, "Ba da ke muke ba, 'yar Kano, sauke hancin."

Sai mahaifiyarta ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Anti ta haɗa kaya a farkon damina ta ce za ta je ta ga yadda hali yake, in ruwa ya ɗauke za ta dawo. Ta bar kofinta a kan taga, da matashin da take jingina bayanta, da silifas ɗinta a ƙarƙashin tebur. Na raka ta bakin titi ta shiga keke. Na so in ce wani abu mai daɗi, abin da ya fito shi ne, "Kar ki je ki zauna, ni ba zan iya da mutanenki ba." Ta ɗaga min hannu.

Ruwa ya ɗauke. Aka yi girbi. Ba ta dawo ba.

Ban san shagon yana da shiru haka ba sai da ta tafi. Tsakanin jirgi da jirgi ba ka jin komai sai fankar cikin kwamfuta. Ina buɗewa da safe, in share, in goge kofinta in mayar da shi inda yake, in zauna a kujerata mai karyayyar ƙafa duk da tata tana nan ba kowa. Mutane suna leƙowa su ce, "Ina Anti?" In ce ta yi tafiya. Wasu su ba ni aikin, wasu su ce za su dawo, kuma na san inda suke kai shi. Akwai wata tsohuwa Babarbariya da ke zuwa fotokofin takardun fansho na mijinta. Kullum ta shigo da "Wushe, wushe," sannunsu ta Barebari, ta duba kujerar Anti, ta duba ni, ta ce, "Fero," wato yarinya, "har yanzu?" In ce har yanzu. Ranar da ta daina tambaya na fi jin haushi.

A gida ma ba wanda zan ba labarin shago. Wa ya damu da injin fotokofi ya ci takarda? Ƙawayen makaranta kuwa, waɗanda ban ɓata da su ba sun yi aure ko sun tafi karatu. Na kama kaina ina yi wa injin fotokofi magana, ina zaginsa, ina jiran wani ya ce min in sauke hanci.

Ina kiranta a waya. Garinsu sabis sai an hau tudu, kuma ni ban iya waya ba. Da ta ɗauka sai in ce, "Yaushe za ki dawo?" Ta ce, "Ko gaisuwa babu?" In gaishe ta a gurguje, in tambayi mai jiki, in sake cewa yaushe. Ta ce, "Sai yadda Allah ya yi." Daga nan layin ya yi ta tsinkewa har mu haƙura.

Ana cikin haka haddis ɗin ya fara ƙara. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera yana cin katako. Fayil ɗin da ke buɗewa nan take sai ya tsaya yana tunani. Na san abin da wannan ke nufi, don Anti ta taɓa gaya min: idan ya fara wannan kukan, kwashe kayanka. Na aro babban filash wurin mai gyaran waya na kusa da mu, na fara da ɗakinta. Na yini ina kwafa, yana tsayawa, ina sakewa. Sai da nata ya fita duka sannan na koma nawa. Kafin in kai rabi ya yi shiru gaba ɗaya. Hotunan bikin yayata da wasu finafinai suka tafi da shi. Ban damu sosai ba. Na ce idan ta dawo ta tarar da waƙoƙinta ba ko ɗaya da ya ɓata, sai ta nemi wani abin da za ta yi min gori da shi.

Kawu ya kawo sabon haddis da kansa, a cikin baƙar leda, da rana tsaka. Ya fi tsohon girma nesa. Ya ajiye a kan tebur, ya tsaya a bakin ƙofa yana fifita da hularsa.

Ya ce, "Kin iya sawa, ko in turo mai gyara?"

Na ce, "Kawu, wa yake sawa da?"

"To, to. Ki raba shi biyu kawai, kar ki wahalar da kanki. Ɗaya na injin, ɗaya na aiki."

Na ce, "Biyu kamar yaya? Na Anti fa?"

Ya dubi dalbejiya, ya dubi agogonsa, ya ce yana da baƙi a kasuwa. Ya ce, "Ki yi dai yadda kika gani." Ya shiga mota. Na ɗauka rowar magana ce irin tasa.

Ba wuta, kamar kullum. Na zuba fetur ɗin da ya rage a janareta, na ja, na jawo ƙofar shago rabi don kar a dame ni. Na kwantar da akwatin kwamfutar a ƙasa, na kwance shi da sukudireba, na hure ƙura da yanar gizo-gizo. Na zare tsohon haddis, na naɗe shi a ledar da sabon ya zo a ciki. Na ɗaura sabon, na soka wayoyinsa biyu, na rufe. Na soka filash ɗin windo na kunna.

Tambayoyin farko na wuce su ba tare da na karanta ba: yare, yarda da sharuɗɗa, da sauransu. Sai ga allon nan da ba a sauri a kansa. Wannan karon ba abin da zan share bisa kuskure. Layi ɗaya ne tal, an rubuta da Turanci cewa wuri ne da ba a ba kowa ba. Duk girman haddis ɗin, fili fetal.

Na ɗauke hannuna daga maus. Na karanta layin da ƙarfi, ni kaɗai a shago, sannan na ji kunyar kaina.

Na danna inda ake yankar sabon ɗaki, na buga lambobin da suka isa windo ya sake, na tabbatar. Ya yanki nasa, ya kuma yanki wasu 'yan ƙananan lunguna na kansa ba tare da ya tambaye ni ba, kamar yadda ya saba. Saura babban fili. Na sake danna sabon ɗaki. Wannan shi ne zai zama D, kuma D na Anti ne. Akwatin lambobi ya buɗe yana jira.

Na san girman kayanta, ni na kwashe su. Zan iya ninka shi in buga in wuce. Amma na ɗauki waya na kira ta. Na gaya wa kaina cewa ɗakin mutum ba a yanka masa ba da saninsa ba.

Ta ɗauka da wuri, muryarta tar, kamar tana bayan shago. Na gaishe ta sosai, har na tambayi mai jiki sau biyu.

Ta ce, "Yau kuma lafiya? Wa ya koya miki gaisuwa?"

Na ce, "Haddis ya mutu. Kawu ya kawo sabo, ƙato. Kayanki duk na kwashe, ba abin da ya ɓata. Yanzu ina kan rabo. Nawa zan ware miki? Ki faɗa da sauri, fetur yana ƙonewa."

Ina jin kaji a bayanta, da wata murya ta tsohuwa tana kira.

Ta ce, "Kawunki bai gaya miki ba?"

"Ya gaya min me?"

"A'a, ni na ce kar ya gaya miki. Na ce ni zan faɗa da bakina." Ta ja numfashi. "Ƙanwata, kar ki ware min komai. Mama ba za ta tashi ba, kuma ba za ta tafi yanzu ba. Sai an juya ta, sai an ba ta a baki. Na samu aikin buga takardu a wata makaranta a nan kusa da gida. Tun kafin girbi na fara."

Na ce, "Tun kafin girbi."

"Eh."

"Ni kuma ina nan ina goge miki kofi."

Ta ce, "Kullum kika kira sai in ce yau zan faɗa. Sai ki ce yaushe, yaushe, kamar mai kiran keke. Sai in kasa."

Na ce, "Da kin faɗa ai ba cinye ki zan yi ba."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke ɗin?"

Ban yi dariya ba. Na tambaye ta yadda zan yi da waƙoƙinta, in zuba a filash in aika mata ko yaya. Ta ce in bar su, na mutanen nan ne, ba nata ba. Baba zai zo, in yi musu aikinsu. Na ce ba na jin yarensu. Ta ce ba sai na ji ba, in canja suna da rana da hoto, in bar waƙoƙin yadda suke, Baba zai nuna min wadda ake so.

Ta ce, "Ki ɗauki D ɗin. Ke ce babba yanzu."

Na ce, "Ki aiko a ɗaukar miki silifas ɗinki, suna tare min wuri."

Ta ce, "Ki sa su. Ai ƙafarmu ɗaya."

Na kashe wayar. Ni na kashe, ba sabis ba ne.

Akwatin lambobin yana nan yana jira, kuma ya riga ya cika kansa da duk abin da ya rage, don haka yake yi idan ba ka canja ba. Na danna na tabbatar da ƙarfi har maus ɗin ya yi ƙara. D ya haɗiye filin gaba ɗaya. Biyu, kamar yadda Kawu ya ce. Ɗaya na injin, ɗaya na aiki. Na kai hannu zan yi fomatin in wuce gaba.

Jirgi ya zo wucewa, rufin ya yi rawa, ya yi shiru. Na zauna ina kallon allon. Layin nan da ke cewa ba a ba kowa ba ya ɓace. Ban taɓa ganin haddis ɗin shagon nan haka ba sai bayan da Anti ta ba ni E, kuma a lokacin mu biyu ne a ciki. Na tuna na taɓa ce mata yanzu kuma ina baƙo zai sauka tunda na cinye ɗakinsa, ta ce ranar da aka sayi sabon haddis sai a sake warewa. To ga sabon. Janareta ya fara wannan tarin da yake yi idan mai ya yi ƙasa.

Ba wani tunani mai zurfi na yi ba. Haushi nake ji, kuma haushin bai san inda zai sauka ba. Na zaɓi D na goge shi. Ba komai a ciki, ba abin da aka rasa. Filin ya dawo. Na sake yanka, na share lambobin da ya cika da kansa, na buga nawa, na bar wajen kashi ɗaya cikin huɗu a ƙarshe. Ban yanki E ba. Na yi wa D fomatin, na zaɓi ɗakin windo, na ce a zuba.

Daga nan sai jira. Na tashi daga kujerata, na koma tata, na gyara matashin a bayana. Ta fi tawa daɗin zama, abin da na daɗe da sani. Layin ya yi ta cika a hankali, kwamfutar ta mutu ta tashi, ta sake mutuwa ta tashi. Janareta ya kai ni har ƙarshe da ƙyar. Na kwafe kayan Anti cikin D, a folda guda, nawa a wata foldar kusa da ita.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya zo da hoton wata tsohuwa da ta rasu a unguwarsu. Bai tambayi ina Anti ba, na gane shi ma ya sani. Kowa ya sani ashe. Na buɗe tsarin jana'iza na ƙarshe da ta yi, na canja suna da rana da hoto. Ya tsaya a bayana yana nuna min waƙoƙi da yatsa, wannan, ba wannan ba, ta ƙasanta. Na fitar masa da shafi ɗaya ya karanta, leɓensa yana motsi, yana ɗan rera wani wuri ƙasa-ƙasa. Ya ce, "'Yata, ya yi." Ya zauna jiran firinta. Ba wanda zai yi yare da shi, ni kuma ban san me ake ce wa tsohon malami ba. Muka zuba wa firinta ido har aikin ya fita.

Kawu kuwa da ya leƙo, sai ya ce in nuna masa sabon kayan da ya saya. Ya duba girman C, ya duba girman D, ya yi lissafi da yatsu, ya ɗaga murya.

"An cuce ni! Wallahi abin da aka rubuta a jikinsa ya fi haka. Ciro min shi in mayar wa mutumin nan."

Na ce, "Ba wanda ya cuce ka. Sauran yana nan, ban raba ba ne." Na buɗe masa zanen katakon, na nuna masa baƙin yankin.

Ya ce, "Na mene ne?"

"Na baƙo."

"Wane baƙo? Ke, ni fa ba ni da niyyar ɗaukar kowa. Aikin ma da ƙyar yake isar mutum ɗaya."

Na ce, "Na ji."

Ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskata, ya fasa. Maganar ɓoye min da suka yi ban taɓa tayar masa da ita ba, shi ma bai tayar ba.

Muna waya da Anti har yanzu, ba da yawa ba. Na daina cewa yaushe, sai na ga ashe ba ni da wata maganar sosai. Ina ba ta labarin injin fotokofi, ta ba ni na mahaifiyarta. Ban gaya mata yadda na raba haddis ɗin ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kofin na kai shi bayan shago ina ɗiban ruwan wanke hannu da shi. Silifas ɗin ina sawa idan zan je alwala, kuma ƙarya ta yi, sun yi min yawa.

Kwanan baya layin D ya koma ja, alamar ya kusa cika, don yanzu 'yan makaranta hotuna da bidiyo suke kawowa a ajiye musu. Na san yadda ake yi. Danna biyu ko uku ne, D ya miƙe ya shanye baƙin yankin, a huta. Na buɗe wurin, na ɗora maus a kai, na karanta layin da ƙarfi. Sannan na rufe, na shiga foldata na goge finafinan da na tara tun bayan tafiyarta. Dama na kalle su duka, wasu har sau biyu.